Tangaɗin Asuba: Me Ke Kawo Shi, Yaya Ake Maganinsa?

Daren Asabar Illela, garin bakin iyakar Najeriya da Nijar, ba ta samun barcin kirki. Lahadi ce ranar kasuwa, don haka tun da yamma fatake da dillalai ke sauka, wasu daga Konni da Tawa a Nijar, wasu daga Sakkwato, manyan motoci kuma na jere suna jiran lodin shanu zuwa kudu. Wanda ya sami rumfa ya shimfiɗa tabarma, wanda bai samu ba ya kwana gindin mota. Da an kira assalatu sai a ga mutane na zabura, kowa na laluben buta. A cikinsu ba a rasa dattijon da zai miƙe zumbur, ya yi taku biyu, sai ya yi layi ya kai hannu ya dafe ginshiƙin rumfa. Na kusa da shi ya ce, "Sannu Baba, lafiya dai?" Ya ce, "Lafiya lau ɗana, jiri ne ya ɗan ɗebe ni." Minti ɗaya ya ware, ya yi alwala, maganar ta wuce.

Ba kullum take wucewa haka ba. A cikin gida tsohuwa kan sauko daga gado za ta kama ruwa, sai dai a ji ƙarar faɗuwa, kuma ƙashin ƙugu in ya karye a tsufa da wuya mai shi ya koma yadda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar abin ciwo guda mai magani guda. Wannan ya ce rashin jini ne, a sayo maganin ƙarin jini. Wancan ya ce iska ce ta buge shi, a nemo hayaƙi. Mai kemis ya ƙirgo ƙwayar Stugeron, in an tsallaka Konni a ba da Tanganil. Alhali dalilan sun sha bamban, kuma ɗan gida mai natsuwa zai iya rarrabe yawancinsu da tambaya uku: me mutumin ya ji a daidai lokacin, abin ya ɗauki tsawon wane lokaci, me kuma ya zo tare da shi.

Kashi na farko na masu tangaɗin asuba za su ce duhu suka gani. Ido ya rufe, kunne ya toshe, gwiwa ta saki, da sun zauna kuma sai su dawo daidai. Wannan na jini ne, amma ba lalle ƙarancinsa ba. Idan mutum ya miƙe daga kwance, rabin lita zuwa lita guda na jini kan gangara ƙafafu da ciki. Ga mai lafiya, wasu jijiyoyi a wuya da ƙirji kan ji raguwar nan take, su sa zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke, kafin ya ankara komai ya daidaita. In gyaran ya yi jinkiri, sai ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini na 'yan daƙiƙu. Asuba ce ta fi tsanani, domin an kwana ba a sha ruwa ba, ƙoda kuma ta kwana tana tace fitsari.

Akwai tarkon da ba a cika lura da shi ba, wato tsuguno. Dattijon da fitsari ya tasa cikin dare yakan tashi da gaggawa, ya je makewayi ya tsuguna, mafitsara ta sauke nauyi, sannan ya sake miƙewa. Sau biyu ke nan jini ya gangara cikin 'yan mintoci, na biyun kuma a kan jiƙaƙƙen siminti. Suma a banɗaki sanannen abu ne wurin likitoci, musamman ga maza masu kumburin ƙululun mafitsara.

Ƙasar Illela kuwa na ƙara wa abin ƙarfi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Mai dakon buhun albasa, mai kora shanu a kara, mai ban-ruwa a gefen tafkin Kalmalo, duk gumin da suke zubarwa ya fi ruwan da suke sha. Daga 2020 zuwa 2022 azumi ya faɗo tsakiyar waɗannan watanni, kuma wanda ya yi sahur da shayi kaɗai ya koma ya kwanta ya san yadda tashin hantsi yake. Da damina gudawa, amai da zazzaɓin maleriya ke karɓar aikin. Fitsarin da ya yi kaɗan ya yi duhu shaida ce cewa jiki na bin bashin ruwa.

Tabbatar da wannan ba ya bukatar komai sai na'urar awon hawan jini, irin wadda ke Babban Asibitin Illela da ɗakunan shan magani da ma wasu gidaje. Mutum ya kwanta minti biyar a auna, a rubuta lambobin da bugun zuciya. Sannan ya miƙe, wani na tsaye kusa da shi, a auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da 10, to an kama ɓarawon. Da safe ya fi kyau a yi, don awon la'asar kan fito lafiya lau. Bugun zuciya ma na da labari: in ya ƙaru sosai, galibi ƙarancin ruwa ne ko zubar jini, in jini ya sauka amma bugun bai motsa ba, sai a yi zargin jijiyoyin da ciwon suga ko ciwon karkarwa na tsufa ya taɓa, ko magani irin atenolol.

Mutanen bakin iyaka su kula da wani abu. Abin da nas a Illela za ta rubuta 140/90, takwararta a Konni 14/9 za ta ce. Saukar 20 a wannan gefen ita ce saukar 2 a wancan. Ba ƙaramin ruɗani wannan ke kawowa ba idan aka haɗa katin asibiti biyu.

Ruɗanin da ya fi wannan haɗari yana cikin ledar magani. A juye ta a kan tabarma a duba ɗaya bayan ɗaya. Mai hawan jinin da ke zuwa asibiti a Sakkwato, ya kuma leƙa Konni ko asibitin Galmi da ke kan hanyar Maraɗi, yana iya shan magani ɗaya sau biyu bai sani ba. Lasix na Najeriya shi ne Lasilix na Nijar, dukansu furosemide ne mai sa fitsari. Norvasc da Amlor duk amlodipine ne. Kwalin ya bambanta, launin ƙwayar ya bambanta, amma ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna iri ɗaya ne, su ya kamata ɗan makarantar gidan ya karanta. Moduretic, Aldomet, tamsulosin na masu wahalar fitsari, da amitriptyline da ake ba masu zafin ƙafa da rashin barci, duk sun yi suna wajen kayar da jini idan an miƙe. Sai dai kada kowa ya yanke maganin hawan jini da kansa don ya ji jiri. A kai ledar gaba ɗaya wurin likita, shi zai rage, ya canza, ko ya sauya lokacin sha.

Maganin farko kyauta ne: a daina zabura. Wanda ya farka ya motsa ƙafafu tun yana kwance, ya lanƙwasa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar sau ashirin don jinin sha-raɓa ya hau. Sannan ya tashi zaune a bakin gado, ƙafa a ƙasa, ya yi minti ɗaya ko biyu. Lokacin addu'ar tashi daga barci da ɗan zikiri ya isa. Daga nan ya miƙe yana dafe da bango, ya ɗan tsaya kafin ya ɗaga ƙafa. Mai kwana a tabarma ya fara durƙusawa tukuna. In duhun ya zo duk da haka, ya harɗe ƙafafu ya matse cinyoyi, ko ya zauna nan take a inda yake, ko da a tsakar gida ne. Kunya ba ta kai karaya ciwo ba.

A ajiye ruwa kusa da shimfiɗa. Rabin lita, wato ledar ruwa guda, in aka shanye ta kafin a miƙe takan ɗaga jini cikin minti biyar zuwa goma, musamman ga tsofaffi. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa daga buɗe-baki zuwa sahur, kada ya tara shi lokaci ɗaya. Mai gudawa ya sha haɗin gishiri da sukari na leda, in babu a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta. Wanda abin ya zame masa na kullum, a sa bulo a ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai kimanin taƙi guda. Hakan na rage fitsarin dare, tara matashin kai kuwa ba ya yin wannan aikin. Ƙara gishiri a abinci na taimaka wa wasu, amma ga mai hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda, wannan shawara ce ta likita kaɗai, haka ma yawan ruwan da zai sha.

Ƙarin ruwa fa? Mutanenmu na ƙaunarsa, har wani in bai ga leda rataye a ƙusa ba sai ya ga ba a yi masa magani ba. Yana da wurinsa ga wanda amai ya hana shan komai. Ga mai iya haɗiya, kofi ya fi allura sauƙi da aminci. Ga maijego kuwa yana iya zama ajali. Ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa. Binciken da aka wallafa a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100, tun shekarun 1970 kuma likitocin Zariya ke zargin kunun kanwa da zafin wankan jego da hannu a ciki. Maijegon da ke jiri, ƙafa ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya miƙe, zuciyarta ruwa ya riga ya yi mata yawa. Asibiti za a kai ta ranar.

Ƙarancin jini na gaskiya ana ganinsa a fatar ido ta ciki da tafin hannu, awo kuma ya tabbatar. Tambayar da ta fi ita ce ina jinin ke tafiya. 'Yan dako da direbobi masu shan haɗin maganin ciwon jiki kullum, diclofenac da ibuprofen da Feldene, sukan sami gyambon ciki mai tsiyayar jini a ɓoye. Baƙin bayan gida mai danƙo alamarsa ce, kwalbar maganin ƙarin jini kuma ba ta toshe wannan ƙofa.

Kashi na biyu ba sa ganin duhu. Su ɗaki ne ke juya musu. Mace ta mirgina a gado ko ta ɗago kai, sai rufi da bango su kama hajijiya, zuciya ta tashi, ta runtse ido ta ƙanƙame katifa. Kafin minti ɗaya ya lafa, amma ta wuni tana tafiya a ɗarare. Ruku'u da sujada na tayar da shi, haka ɗaga kai a ɗauko kwano a saman kanta. Wannan daga kunne yake. A can cikin kunne akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya, kusa da su kuma akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin alli. In ƙwayoyin suka ɓalle suka faɗa bututu, duk motsin kai sai su gangara su kaɗa ruwan, kunne ya ba da labarin juyin da ba a yi ba. Ya fi kama wanda ya wuce shekara 50, mata sun fi maza, yakan kuma biyo bayan buguwar kai, irin ta faɗuwa daga kabu-kabu, ko doguwar jinya a kwance.

Robert Barany, likitan kunne da ya ci kyautar Nobel ta 1914, shi ya fara bayanin ciwon a 1921. A 1952 Margaret Dix da Charles Hallpike a Landan suka fito da gwajinsa, wanda har yau da shi ake aiki: a zaunar da mutum, a juya kansa gefe ɗaya, a kwantar da shi da sauri kai ya ɗan rataya. In kunnen da ke ƙasa ne mai matsalar, bayan 'yan daƙiƙu hajijiyar za ta taso, ƙwayar ido ta riƙa fizga. Maganin ya zo daga John Epley na birnin Portland a Amurka, wanda abokan aikinsa suka daɗe suna yi wa dariya kafin ya wallafa dabararsa a 1992. Ba ƙwaya, ba allura. Ana karkata kai ne mataki-mataki, yadda mai regen shinkafa ke karkata ƙwarya har tsakuwa ta taru wuri ɗaya, sai ƙwayoyin su koma jakarsu.

Ga yadda ake yi in kunnen dama ne. Mutum ya zauna a tsakiyar shimfiɗa, ƙafafu a miƙe, an ajiye matashi a bayansa daidai inda kafaɗunsa za su sauka. Ya juya kai dama, rabin hanya tsakanin kallon gaba da kafaɗa. Ya kwanta baya da sauri, kafaɗu a kan matashi, ƙeya ta gangara ta taɓa shimfiɗa. Hajijiya za ta zo, ya daure, mai taimako ya riƙe masa kai, a ƙirga daƙiƙa 30 ko har ta lafa. Ba tare da ɗaga kai ba, ya juya shi hagu zuwa rabin hanya na wancan gefen, a sake ƙirga 30. Sannan ya mirgina jiki gaba ɗaya ya kwanta kan kafaɗar hagu, kai na bin jiki har hanci ya karkata ƙasa, 30 kuma. Daga nan ya tashi zaune a hankali ta gefen hagu, haɓa a ɗan sunkuye, ya huta minti biyu. In kunnen hagu ne sai a juya komai. Kimanin mutum 8 cikin 10 kan warke da yi ɗaya ko biyu, ko da yake yakan dawo wa wasu bayan watanni ko shekaru.

Na farko dai ma'aikacin lafiya ya yi shi, don a tabbatar ciwon ne kuma a gane kunnen. Mai ciwon wuya ko gadon baya mai tsanani, da wanda bai daɗe da shanyewar jiki ko aikin ido ba, kada ya gwada a gida. Kafin a warke, salla a zaune halal ce ga marar lafiya, kamar yadda hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya nuna. Stugeron da Stemetil kuwa na rage tashin zuciya na kwana biyu ko uku, amma ba sa mayar da ƙwayar alli ko ɗaya, shansu wata da watanni kuma na sa tsoho kasala, karkarwa da ƙarin faɗuwa.

Sauran dalilan ba su da wuyar ganewa. Mai ciwon suga da ya sha Daonil ko ya yi allurar insulin ya kwana bai ci sosai ba, yakan tashi da gumi mai sanyi, rawar jiki da ruɗewa. In awo ya nuna ƙasa da 70 (wasu na'urori 3.9 suke rubutawa, takardar Nijar 0,70), a ba shi babban cokali na sukari ko zuma a ruwa muddin yana iya haɗiya, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Da hunturu, in mutanen ɗaki ɗaya suka tashi dukansu da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, a dubi kaskon garwashin da aka kwana da shi ƙofa a rufe, ko janareton da ke gindin taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kuma kisa. A fitar da kowa waje, a nufi asibiti. Wanda ya sha Valium, Piriton, kodin ko tramadol da dare, ba sai an yi dogon bincike ba.

Wani kuma kansa garau, ƙafa ce ta ƙi. Dunduniyar da ke suka a takun farko ta saki bayan ɗan zagaye, jijiyar tafin ƙafa ce. A ja yatsu baya da rawani ko tawul kafin a taka, a bar yawo ba takalmi a kan siminti. Gwiwar tsufa kan sage da safe ta saki kafin rabin awa, in gaɓoɓi suka wuce awa guda a sage suna kumbura, wani ciwon ne daban. Mai suga da silifa ke saɓule masa bai ji ba, jijiyoyin ƙafarsa sun mutu, ido ne ke riƙe da shi, shi ya sa ya fi tangaɗi cikin duhu. Haka wanda allurar gentamicin ta lalata wa cikin kunne, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta haramta mai ƙarfin 280 a 2010. Irin waɗannan mutane, tocila a gefen matashi, sanda a hannu da share hanya daga gado zuwa ƙofa sun fi musu kowace ƙwaya.

Akwai wanda ba a jira da shi ko kaɗan. Idan tangaɗin bai lafa da zama ba, mutum ya kasa tsayuwa ko zama sai an riƙe shi, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya yi nauyi, magana ta sarƙe, yana ganin abu biyu-biyu, ko kai na sara irin wanda bai taɓa ji ba, to shanyewar ɓarin jiki ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Kusan 1 cikin 5 na masu ita da ita suke farkawa. Hajijiyar da ta ƙi tsayawa awa da awanni ma tana cikin wannan sahu, haka suma, ciwon ƙirji, da faɗuwar da aka bugi kai. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne babban sanadi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ba. Saboda haka kada a ba da asfirin a gida, domin yana ƙara zubar jini, hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke rarrabe biyun. Kada a ɗura ruwa, rubutu ko kunu, maƙogwaro na iya shanyewa abin ya bi huhu. Kada a tsaya kiran wanzami ya yi ƙaho.

Daga Illela zuwa Sakkwato, ta Gwadabawa da Kware, kimanin kilomita 85 ne, maganin narkar da gudan jini kuma, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko yake aiki. A kwantar da marar lafiya a gefensa a kujerar baya, a sassauta masa wuyan riga, a ɗauki ledar magungunansa da katunan asibiti na ɓangarorin biyu. A tafi da wanda ya kwana kusa da shi, domin abin da likita zai fara tambaya shi ne ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya.